Me ya sa labaranmu ke saurin kaiwa ga "aka yi haƙuri"?

Maman Sadiq:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da ƙorafi na zo, kuma da mu masu rubutu nake. Littattafan da ake turowa ta waya a kan 'yan gudun hijira sun yi yawa yanzu, na Borno da na Zamfara da na Katsina, amma kusan duk hanya ɗaya suke bi. A shafin farko an kawo hari, an kashe uba, an cinna wa gari wuta. Yarinya ta biyo motar itace ta sauka a Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ta yi kuka babi biyu. Sai wani likita ko soja ko ɗan Alhaji ya tsince ta, kafin ka ce kwabo an ɗaura aure, an kai ta unguwar masu hali ta Nasarawa, labari ya koma na kishiya da dangin miji. Garin da aka ƙone ba ya ƙara fitowa, ko a mafarki. Uban da aka kashe a gabanta, da jimla ɗaya aka sallame shi: "aka yi haƙuri aka ci gaba da rayuwa." Ni dai ban yarda haka ɗan Adam yake ba. Mu ne ba mu iya rubuta abin da ke biyo bayan masifa ba, ko kuwa al'adarmu ce ta rufe ƙofar? Ina son jin ta bakin manya.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Anti, na san har da ni a wannan jifan, don nawa ma a ɗakin amarya ya ƙare. Amma ki tsaya ki ji tawa. Matar da ta biya ɗari biyar ta shiga rukunin karatu, ta yini tana fama da yara da wanke-wanke da rashin wuta, sai goman dare ta samu ta ɗauki waya. Ba ta zo in ƙara mata baƙin ciki ba. Duk sanda na ja babin kuka sai saƙonni su yi ta shigowa, don Allah ki haɗa ta da Dakta mu huta. Kuma wallahi cikin masu turo wannan saƙon akwai waɗanda su ma gudowa suka yi. Auren nan da kike gani kamar shirme, ga wata shi kaɗai ne inda ta taɓa ganin irinta ta yi nasara.

Maman Sadiq:
Ƙanwata ban hana aure ba. A ɗaura, a yi kamu, a yi buɗar kai. Cewa nake amaryar ta shiga ɗakin da abin da idonta ya gani, kada lefe ya goge shi.

Malam Ƙofar Mata:
'Yata Maman Sadiq, tambayarki ta biyu ce ta tashe ni daga kishingiɗa. A'a, al'ada ba ta rufe ƙofa ba. Ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko a kan raba mutum da gidansu yake. Shaihu Umar nake nufi, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Na daɗe ina koyar da shi a sakandare, kuma yara kullum ɗauka suke labarin balaguro ne.

Ku sake duba shi da idon manya. An sace yaro yana ƙarami, ya bi ta hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa. Uwar ta fito nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Da ƙyar suka gana, ba ta jima ba ta cika. To wa ke ba da labarin? Umar ɗin ne da bakinsa, bayan ya zama shaihi a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa. Murya a kwance, babu kururuwa. Wasu na cewa sanyin nan rauni ne a littafin. Ni a wurina nan gwanintar take, don duk wanda ya zauna da tsofaffin da suka ga bauta ko yunwa ya san haka suke magana. Za su faɗi mafi munin abu da muryar da ake faɗin farashin gero, sai dai ka lura hannu bai daina murza carbi ba. Marubucin ya ba Umar ilimi da daraja, amma bai dawo masa da uwa ba, kuma a Rauta ya ƙare, ba a Kagara inda aka haife shi ba.

Ku kuma tuna lokacin da aka rubuta shi. Wasu daga waɗanda aka sayar a kasuwar Kurmi suna raye, sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Masu karatun farko ba tatsuniya suke karantawa ba.

Haka Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta ɗauki tarihinta a 1949 zuwa 1950, aka buga da Turanci a 1954. Tana ba da labarin mahara da suka kwashe 'yan gidansu da yadda aka yi ta fafutukar kuɗin fansa, sai ta zarce kan biki da suna. Kuɗin fansa fa. Wanda ke rubutu a kan Zamfara yau bai karanta wannan ba, ya yi wa kansa.

Anti Nas:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake, amma a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki, bari in faɗa muku abin da ba na gani a littattafanku.

Babu wadda ke zuwa ta ce ina tuna abin da ya faru. Cewa take ƙirjina na bugawa, kaina na ɗaukar zafi, wani abu na yi min yawo a jiki, barci ya ƙaurace min. An sha maganin olsa, an sha na taifot, an je ruƙiyya, an yi hayaƙi. Sai an saba sosai sannan za ki ji daga ina ta fito. Wata da hijabinta da takalminta take kwana, 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zani, shekaru bayan ta bar garinsu. Wata ba ta zama ta ba ƙofa baya, ko a gidan biki. Wata in babura sun wuce a jere sai ta saki abin da ke hannunta. Wadda ta fi tsaya min a rai, ranar Babbar Sallah ce ba ta iyawa. Da an fara babbakar kai da ƙafa, warin ya tashi a unguwa, sai ta shige ɗaki ta toshe hanci tana amai, 'yan gida na cewa iskokinta ne suka motsa. Yara kuma sai ki ga ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance, ko ya tara sa'o'insa suna wasan hari, shi ne mai ba da umarni.

Sannan abin ba ya zuwa a jere, daga farko zuwa ƙarshe, yadda kuke shirya shi. Gutsure-gutsure yake zuwa. Za ta tuna launin bokitin da ke tsakar gida, amma ta kasa tuna ko da safe ne ko da yamma. Jarumarku kuwa sai ta zauna a falon Dakta ta kwararo labari shafi goma ba tuntuɓe, har da ranar wata. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ku kuma baki kaɗai kuke tambaya.

Abu Zaid:
Ni fa ina da ja a nan. Duk wannan tone-tonen me zai haifar? Musulmi an san shi da dangana. Zaman makoki kwana uku ne, mai takaba wata huɗu da kwana goma, an hana kururuwa da yaga tufa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In marubuciya ta ce aka yi haƙuri, ai tarbiyya ta koyar. Wannan ɗabi'ar ta a zauna a yi ta bajekolin ciwo, daga waje aka kawo mana ita, kuma ban ga ta warkar da su can ba.

Hajiya Mai Islamiyya:
Ɗana Abu Zaid, abin da ka kawo na makoki da takaba haka yake. Amma haƙuri daban, mantuwa daban. Buɗe Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau, kuma a surar nan dai aka gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, shekaru bayan rabuwa, har 'ya'yansa na ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka. Alƙur'ani bai ɓoye wannan ba, bai kuma zarge shi ba. Sayyidina Bilal da zazzaɓin Madina ya kama shi bayan hijira, baitoci ya riƙa rerawa na begen kwarin Makka da ciyayinta da duwatsunta, yana nan a Bukhari. Garin da aka azabtar da shi fa, amma gida gida ne.

A nan ƙasarmu, Nana Asma'u tana ƙarama aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da ƙaura. Da ta girma ta tsara Waƙar Gewaye, ta bi sawun tafiyar zango-zango, ta kuma yi marsiyyoyi ga 'yan uwa da ƙawayen da ta rasa. Wa zai koya wa 'yar Shehu dangana? Abin da nake gani a aji shi ne, matar da aka toshe wa baki da "ki yi haƙuri" tun kafin ta gama faɗa, ba haƙurin take yi ba, shiru kawai take yi.

Abu Zaid:
Na karɓi hujjar Suratu Yusuf, Hajiya. Amma ina nan a kan cewa akwai abin da sutura ta fi dacewa da shi, musamman abin da aka yi wa mata a daji. Na ga littafin da aka mai da fyaɗe abin jan masu karatu.

Anti Nas:
A wannan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari.

Ɗan Fagge:
Kuna ta Borno da Zamfara, ni tambayata Kano. Mu me muka rubuta a kan namu? A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya tashi a 'Yan Awaki, sai da aka kawo soja, kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Tsakiyar birni fa. Mahaifina har ya bar duniya in an zo maganar sai ya ce a bar tuna baya, ya miƙe ya ɗauki buta. Abin da na sani a bakin kakata na ji, ita ma a taƙaice.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 kuwa da kaina na gani. Ina kasuwar Kantin Kwari bayan la'asar ƙarar farko ta tashi, muka ɗauka taransifoma ce. Kafin magariba gari ya rikice, an bugi ofishin shiyya na 'yan sanda da hedkwatarsu ta Bompai da ofishin fasfo, mutum sama da 180 suka tafi, aka sa dokar hana fita. Sai 28 ga Nuwamban 2014 a babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, ana cikin sallah. Akwai abokina da har yau ba ya shiga sahun cikin masallaci ranar Juma'a, a bakin titi yake shimfiɗa dardumarsa, kuma bai taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Garin da ya fi ko'ina yawan marubutan Hausa, amma wannan mutumin ba shi da gurbi a labari. Sai dai bam ya tashi a babi na biyar don a kashe tsohon saurayi a huta.

Malam Ƙofar Mata:
Ɗan Fagge, da can ba a littafi muke ajiye irin wannan ba, a lissafin shekaru muke ajiyewa. Tsoho zai ce an haife ni shekarar Kakalaba, yunwar 1914 ke nan, ko bayan 'Yar Gusau ta 1942, ko shekarar da Nasara suka shigo, 1903, da aka kama Sarki Alu aka ƙare da shi a Lakwaja. Duk mai tambayar shekarun wani sai ya ji tarihin masifa. Yanzu takardar haihuwa ta kashe wannan, tsofaffin kuma suna ƙarewa. In littafi bai karɓa ba, babu mai karɓa.

Ɗan Sabon Gari:
Tunda an buɗe na Kano, a ba ni dama. Ni Ibo ne, a nan aka haife ni, Hausa na fara ji kafin yarenmu. Kakata ta bar Kano a jirgin ƙasa a Oktoban 1966 da goyo a baya, ta dawo bayan an gama yaƙin basasa a 1970. A can mutanenmu sun cika kanta da littattafai a kan wannan lokacin. Amma abin da ita take yawan faɗa ban cika ganinsa a cikinsu ba: maƙwabcin da ya ɓoye su a ɗakin matarsa, ya kuma riƙe mata keken ɗinkinta har ta dawo. Bahaushe ne. Da Hausa ya kamata a rubuta wannan, da abin da ya sa aka ɓoye su ɗin, duka biyun.

Ɗan Fagge:
To a haɗa har da 15 ga Janairun 1966, don ba daga sama abin ya faɗo ba. Shi kansa mai Shaihu Umar ɗin da Malam ya kawo, a juyin mulkin nan aka kashe shi, da Sardauna.

Ɗan Sabon Gari:
Ban musa ba. Kakata ba ta san ko soja ɗaya ba, ɗinki take.

Shugabar Zaure:
Jama'a a yi hattara, zauren adabi ne. Kowa ya faɗi nasa, ba a auna gawa da gawa a nan. Mu koma kan rubutu.

Baƙon Kano:
Tun ɗazu nake karantawa, ina rubutawa ina gogewa. Ni ɗan Gwoza ne. Mun fita a watan Agustan 2014 da aka ci garin, muka bi ta Madagali zuwa Mubi. Muna cewa mun tsira, a ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, muka sake ɗaukar ƙafa zuwa Yola, daga can wani ɗan uwa ya kira mu Kano.

Maman Sadiq, gaskiyarki, amma ba duka ba. Ummu Hanan ma da gaskiyarta, don matata na cikin masu cewa a haɗa ta da Dakta. Abin da ke ba ni haushi a littattafan ba auren ba ne. Harin da kuke ɓata shafuka kuna kwatantawa, jini da ƙarar bindiga, shi ne abin da na fi ƙin karantawa kuma shi ne mafi ƙanƙanta a abin da ke damuna. Abin da ke hana ni barci akuya ce. Na ɗaure ta da safe a gindin bishiya, muka fita ban kwance ta ba. Na rasa mutane, Allah ya ji ƙansu, na yi musu addu'a na samu sauƙi. Akuyar ce ban san inda zan ajiye ta ba. In na faɗa sai a yi dariya ko a ce in yi istigfari.

Sannan babu mai rubuta abin da ya biyo baya, wanda shi ne doguwar wahalar. Ka je neman hayar ɗaki, ana jin daga inda ka fito dillali ya ce an riga an kama. Mutumin da ke da gona da rumbu da baƙi a zaurensa ya koma bin layin karɓar shinkafa, ana ɗaukarsa hoto. 'Ya'yana yanzu Hausar Kano suke yi tsantsa, in na yi musu yarenmu su amsa da Hausa, ƙaramar ma dariya take. Mahaifiyata ta rasu a nan, kullum maganarta a kai ta gida, a nan muka binne ta. Kanawa sun yi mana alheri, ba zan ɓoye ba, wani mai shago a unguwarmu ya daɗe yana ba mu bashi bai taɓa ɗaga murya ba. Amma har gobe in an zo kwatance sai a ce gidan 'yan gudun hijira.

Roƙona ɗaya. In za ku zo tambaya, kada ku zo da "ba mu labari" kamar masu jiran gatanan gatananku. Wata ta taɓa zuwa da waya a kunne, tana tambayar matata ko an taɓa ta, a gaban yara.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Allah ya ji ƙan Mama, ya mai da ku gida lafiya. Yaya, na yi shiru ne don ban san me zan ce ba. Ina da rubutun da na fara a kan wata mata daga wajenku, shi ya sa ma na tayar da maganar. In ba takura, zan so ku duba min kai da maiɗakinka kafin kowa ya gani. In kun ce a ajiye, zan ajiye.

Ummu Hanan:
Akwai masu ƙoƙari fa, kada a yi mana kuɗin goro. Labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 sunansa Sansani, a kan 'yan gudun hijira ne. Gajeren labari yana ɗaukar irin wannan. Matsalar dogon littafi ce da ake saki kullum, mai karatu na riƙe da kuɗinta. Anti ki gwada sakin naki babi-babi ki gani ko za a biya, ni ma ina son in sani.

Baƙon Kano:
Ki turo, amma maiɗakina ce za ta yanke, ta fi ni karatun Hausa. Me kika sa wa matar suna?

Maman Sadiq:
Falmata.

Baƙon Kano:
To daga nan za a fara gyara. Kowa ya tashi rubuta Borno sai ya mai da mu duka Barebari, da Falmata da Modu da lafaya da turaren wuta. Gwoza dutse ne, yarukanmu daban, akwai Glavda, akwai Mandara, akwai Guduf da wasunsu, kuma gida ɗaya za ki samu Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya. Ki fara yanke daga wane ƙauye take, a kan dutse ko a ƙasa, sannan a nemo mata suna. Ki turo bayan isha'i, yanzu ina bakin aiki.